Hannun Da Bai Yi Rawa Ba

"Ranar Asabar da safe ya zo ya yi min aski," in ji Baba. "Da aska, ba da injin nan mai kuka ba. In hannunsa ya tsaya, na yarda ya daina sha, na ba shi ke. In ya yi rawa, kada in sake jin sunansa a gidan nan."

Ina durƙushe a bakin ƙofar falo, kaina a ƙasa. Na ce, "To, Baba."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban yi kuka ba, ban roƙa ba. Har Umma ta leƙo fuskata ta ga ko lafiya, don ta san 'yarta: ni ce Autar da in aka hana ta abu sai maƙwabta sun shigo ba da haƙuri. Amma ranar nan maganar ta wuce ta saman kaina kamar ana karanta labarai a rediyon wani gida.

A kujerar da ke kusa da Baba, Mai Kemis na zaune ya harɗe ƙafa yana juya mukullin mota a yatsa. Ɗan aminin Baba ne, shi ke da babban shagon magani a bakin titinmu, kuma shi ne mijin da kowa a gidanmu ya zaɓa min, ban da ni.

"Wannan shi ne adalci, Baba," ya ce. "Ni kaina ba zan so a ce an zalunci bawan Allah ba."

Na ɗago na dube shi. Ya kawar da kai ya shiga gyara agogon hannunsa. A nan na gane bakin wa shawarar ta fito.

Baba tsohon direban manyan motoci ne. Da ƙarfi ya fara ja baya, kamfanin da yake wa aiki ya zaunar da shi a gareji, ya zama shi ke raba wa direbobi mukulli da safe. Yana da dabararsa wadda har yau yake alfahari da ita. Kafin ya ba mutum mukulli sai ya cika kofi da ruwa har baki, ya ce ya miƙe hannu ya riƙe. In ruwa ya zuba, ya ce je ka gida ka kwanta, ka sha wani abu. In bai zuba ba, ga mukulli, Allah ya kiyaye hanya.

"Baki yana ƙarya, ido yana ƙarya," haka yake cewa in hira ta yi daɗi. "Amma ni dai ban taɓa ganin hannun da ya iya ƙarya ba."

Mun taso muna jin labarin nan, muna gyaɗa kai. Ni ma da shi na yarda, har zuwa ranar da na zauna a gaban likita tare da Dogo.

Dogo mai aski ne. Shagonsa na kallon shagon ɗinkina, titi ne kawai tsakaninmu. Duk unguwar an san shi da aska. Tsofaffi na tasowa daga nesa don ya gyara musu gemu, wasu har barci suke yi aska na yawo a wuyansu. Ba wanda ya taɓa ganin shi yana tangaɗi a hanya, ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Kwalbar giyarsa na cikin durowa, a tsakanin kwalaben man aski da na turare, kuma ta fi shekara goma a wurin.

Tef ɗina ne ya fara tona shi. Na auna shi zan yi masa riga, na ga kafaɗa ta ragu, ciki ya ƙaru. Na yi dariya na ce, "Dogo, tumbi tun kafin a yi auren? Wa ke ciyar min da kai?" Shi ma ya yi dariya. Da na sake auna shi bayan 'yan watanni, dantsen ya zama kamar na yaro, cikin ya ƙara fitowa, takalmi ya daina shiga ƙafarsa da yamma. Farin idonsa ya koma ruwan ƙwai. Kullum yana susar jiki, in na kawo masa abinci ya yi loma biyu ya ture.

Sai wata rana da hantsi ya yi aman jini a bakin shago, wani abokin Baba na zaune a kan kujera da kumfa a fuska. Kafin a kai shi asibiti labari ya riga ya kai gidanmu.

Likitan ba mai kwana-kwana ba ne. Ya ce, "Hantarka ta gaji. Wani sashe ya riga ya taurare, wannan ba ya komawa. Ɗan abin da ya rage shi za mu lallaɓa. Jinin da ka amayar kuma daga jijiyoyin maƙogwaro ne da suka kumbura. In ka koma wa kwalba suka sake fashewa, ba lallai ne ka iso nan ba."

Dogo ya miƙa masa hannayensa, suna ta kaɗawa. "Wannan fa, likita? Da su nake ci."

"Ka bar su su yi rawarsu. Jiki ne ke neman abin da ka saba masa. Ai ka fi ni sani, da safe sai ka ɗan kurɓa suke tsayawa, ko ba haka ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"To rawar nan ita ce shaidar ba ka sha ba. Za ta lafa a hankali, amma ba yau ba, ba gobe ba."

Ina zaune a gefe da jakar magungunansa a cinya, sai kofin Baba ya faɗo min a rai. Na tuna duk direbobin da ya kora gida, da waɗanda ya miƙa wa mukulli yana yi musu addu'a.

Ranar da Baba ya yanke hukuncin nan, bayan Mai Kemis ya tafi, na samu Umma da Gwaggo, yayar Baba, a kicin. Gwaggo na yankan albasa, tana ganina ta taɓe baki.

"Ga amaryar mai ciwon hanta nan."

"Haba Yaya," in ji Umma.

"Haba me? A bar ni in faɗa mata. Ke Auta, mashayi ko ya tuba, jikinsa bai tuba ba. Giya ba hanta kaɗai take ci wa namiji ba, in kin gane. Ki yi aure da kwalliya da komai, ki ƙare kina zaune da shi a ɗaki kamar ƙanwarsa, kina dafa masa ruwan zafi. Haihuwa kuwa sai dai ki ga ta maƙwabta. Na ga irinsu, ba labari aka ba ni ba."

Da a da ne, da na mayar mata har sai ta jefe ni da wuƙar. Ranar sai na tsaya ina kallon yadda albasar ke faɗawa cikin kwano.

Na ce, "Umma, gwajin nan a juye yake. Wanda ya daina sha shi hannunsa ke rawa."

"Ke ce za ki koya wa babanki hannu?"

"Likita ne ya faɗa."

"To je ki gaya masa da bakinki. Ni na yi iya yina. Kin san da ba don ni ba ko Asabar ɗin ba za a ba shi ba."

Na je. Baba na baranda yana shafa gemunsa, ya riga ya fara tara shi don aikin Asabar. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da likita ya ce, tiryan-tiryan. Ya saurare ni har ƙarshe, don Baba ba azzalumi ba ne, ya dai yarda da kansa fiye da kima.

"Auta, likitan nan ya taɓa ba direba mukulli?"

"A'a, Baba."

"To. So ne ke magana a bakinki, kuma ban ga laifinki ba. Amma kin ji abin da kike nema in yarda da shi? Wai in ya zo yana karkarwa in ce madalla, ga 'yata. Na tambayi yaron nan Mai Kemis, shi ma karatun magani ya yi. Ya ce mai lafiya hannunsa ba ya rawa."

"Ai ba lafiya aka ce yana da ita ba, Baba. Cewa aka yi ya daina."

"Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi na ba shi wuri.

Washegari da la'asar na rufe keken ɗinkina na tsallaka titi. Tunda aka sallamo Dogo bai taɓa aska ba. Inji kawai yake riƙewa, shi ma da hannu biyu, kuma yara kaɗai yake wa, tsofaffin sun koma wani wuri. Na same shi zaune a kujerar masu aski, ya juya wa madubi baya.

"Madam Tela," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Na ji hukuncin. Har yaron da ke sayar da ruwa ma ya ji. Unguwa duk ta ji."

Na zauna a benci. "Miƙo hannunka."

Ya miƙo. Yatsun na ta motsi su kaɗai. Tafin ya yi ja, bayan hannun duk tabon allurar asibiti. Na ɗauki mataji a kan tebur na ɗora masa, matajin ya yi ta ƙaƙas-ƙaƙas a jikin zobensa har ya faɗi ƙasa.

"Ya ragu fa," in ji shi. "Wallahi ya ragu. Da ko kofi ba na iya kai wa baki."

"Kafin Asabar zai tsaya?"

Ya girgiza kai.

"To ka zo haka," na ce. "Ka zo yana rawa. Ka buɗe jaka a gabansa, ka nuna masa, ka ce Baba ga gaskiyata, ba zan ɗora maka aska a wuya ba. In ya kore ka, ya kore ka."

"In ya kore ni fa, shi ke nan."

"Sai mu jira."

"Mu jira me? Mai Kemis ya riga ya fara gyaran gida, har fenti an yi. Kina ganin babanki zai sake buɗe min ƙofa? Sau ɗaya yake magana, ke kika gaya min."

"Dogo."

"Saurare ni." Ya sauko daga kujerar ya tsuguna a gabana, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Kin san me nake tashi dominsa da safe? Ba na jin daɗin abinci. Ba na barci. In na kwanta zufa, in na tashi amai. Maganin nan ɗaci kamar me. Abin da ke sa in haɗiye shi shi ne in na ɗaga kai ina ganin ki ta taga kina taka keke. In aka ɗauke ki aka kai gidan mai fenti, ki gaya min, don wa zan bar giyar?"

"Don kanka."

"Kaina?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Shekara goma ina tare da kaina, kin ga inda ya kawo ni."

Sai hawaye suka zubo masa. Namiji dogo, mai gemu, yana kuka a gabana har majina, yana sharewa da bayan hannun da ya ƙi tsayawa. Na san ya kamata in yi kuka ni ma. Na nemi kukan a ƙirjina ban same shi ba. Tun ranar da na wanke jininsa a bakin shagon nan da bokiti da tsintsiya wani abu ya kulle a cikina. Ina son shi, na san wannan kamar yadda na san sunana, amma ji ne ba na yi. Sai na tsinci kaina ina kallon wuyan rigarsa, ina tunanin ya kamata in rage shi.

"Marfi ɗaya ne fa," ya ce a hankali, bai kalle ni ba. "Marfin kwalba. Ba don daɗi ba. Kamar magani. Aski ɗaya, a wuce wurin, shi ke nan har abada."

"Likita ya ce ko ɗigo."

"Likita ba shi za a raba da ke ba."

"Ka ji ni da kyau," na ce, muryata ko rawa ba ta yi. "Na fi son in gan ka a tsallaken titin nan da rai, ina matar wani, da in zama matarka in yi ta wanke jini. Ba na son auren da za a biya da hantarka. Ka yi min alkawari."

"Kin fi son ki zama matar wani."

"Ba haka na ce ba."

"Haka na ji."

"To ka ji duk yadda ka ga dama, amma ka yi min alkawari."

Ya kalli ƙasa. Can ya ce, "Na yi."

"Ka ce wallahi."

"Na ce na yi, Tela. Kada ki sa in rantse, na gaji."

Na tashi. A bakin ƙofa na juyo na kalli durowar nan. A rufe take. Ban buɗe ba, ban tambaya ba, kuma har yau ban san dalili ba.

Ana gobe Asabar Mai Kemis ya faka mota a ƙofar shagona, ya shigo da yadi a leda, wai in yi masa ɗinki. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ranki ya daɗe, kin rame."

"Kai ka ba Baba shawarar askin nan."

"Hira muke, ya kawo zancen kofinsa, na ce ai aska ta fi kofi."

"Ka san wanda ya daina sha hannunsa na rawa. Kana sayar musu da maganin."

Ya shafa yadin. Ba mummuna ba ne, kuma ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Irin mutanen nan ne masu tsabtar farce da taushin murya, waɗanda iyaye ke so tun kafin su gama gaisuwa.

"Baba ya tambaye ni ko mai lafiya hannunsa na rawa," ya ce. "Na ce a'a. Ƙarya na yi?"

"In ya zo bai sha ba, ya faɗi. In ya sha don ya ci, ka san abin da zai same shi. Ta ko'ina kai ke da riba."

"Ni ban ba shi kwalba ba, Auta. Tun kafin ki san shi yake sha." Ya ɗan sassauta murya. "Na ga takardar magungunansa, a wurina ya saya. Na san abin da ke jikinsa fiye da ke. Ko ya daina yau, me kike tsammani? Asibiti duk wata, ƙafa a kumbure, ciki a kumbure. Ni so nake ki huta. Laifi ne?"

Na ɗauki yadin na mayar masa a leda. "Layin ɗinki ya yi yawa. Ka kai wani wuri."

Ya karɓa yana murmushi, ya ce sai goben.

Ranar Asabar gari ya waye tas. Baba ya sa aka fito da kujerar katako baranda, inda haske ya fi. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a gefe kamar mai jiran kallo. Umma na bakin ƙofar kicin tana murza gefen zaninta. Mai Kemis ya zo da wuri, ya gaida kowa, ya samu wuri ya jingina.

Ni aka sa in kawo ruwan ɗumi a kwano. Ina tsaye da shi aka yi sallama.

Dogo ya shigo cikin farar rigar da na ɗinka masa, jakar aikinsa a hannu. Ya yi wanka, ya gyara sumarsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya gaida Gwaggo wadda ta amsa da hanci. Ni kaɗai ce bai kalla ba.

Na kalli hannun da ke riƙe da jakar.

Ko motsi.

Kwanon bai faɗi daga hannuna ba. Gabana bai faɗi ba. Na matsa na ajiye ruwan a kan ɗan tebur, na wuce ta kusa da shi. Ƙamshin alewar minti ya cika masa baki, ga turare ya fesa har ya yi yawa.

"Bismillah," in ji Baba, ya kwantar da kai baya ya miƙa wuya.

Dogo ya ɗaura masa tawul. Ya kaɗa sabulu har ya yi kumfa, ya shafa a nutse. Ya zaro aska ya wasa ta a fata, sama da ƙasa, ya gwada ta a gashin hannunsa. Sannan ya ɗora yatsa biyu a ƙasan kunnen Baba ya ja fatar, ya sauke aska.

Na shekara biyu ina kallon mutumin nan yana aiki ta tagar shagona, ban taɓa ganin ya yi aski mai kyan na ranar ba. Askar na tafiya sumul, ba gaggawa, ba tsayawa. Ya bi kumatu, ya zagaye haɓa, ya fitar da layin gemu kamar an ja da zare. Da ya zo maƙogwaro, Umma ta rufe ido. Baba kuwa lumshe nasa ya yi, har numfashinsa ya sauya kamar mai shirin barci.

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar aska a kan fata. Ni ina kallon zufar da ke tsattsafowa a goshin Dogo, da idonsa ruwan ƙwai, da cikin da ya tura rigar gaba. Na tuna muryar likita yana cewa ba lallai ne ka iso nan ba. Na tuna ta sarai, kalma bayan kalma, kuma ko a jikina.

Ya gama. Ya goge fuskar da tawul mai ɗumi, ya miƙa madubi.

Baba ya duba dama, ya duba hagu. Ya shafa wuyansa yana neman ko ƙwarzane ɗaya, bai samu ba. Sai ya kama hannun Dogo ya ɗaga shi sama yana nuna wa mutanen gida.

"Kun gani? Kun ga abin da nake faɗa? Wannan hannun mai shan wani abu ne?" Ya juya ga Mai Kemis. "Yaro, ka yi haƙuri. Magana na yi, kuma ba na tashinta."

"Ba komai, Baba," in ji Mai Kemis. "Allah ya sa alheri." Ya dubi Dogo, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ko alamar ɓacin rai babu a fuskarsa. Ya yi kama da wanda aka ce wa ya ɗan jira a waje.

Umma ta fashe da kukan murna, ta zo ta rungume ni tana cewa, "Auta, kin ji? Kin ji babanki?" Gwaggo ta ce ita dai ta faɗi nata. Dogo na durƙushe yana godiya.

Baba bai saki hannunsa ba. Fuskarsa ta cika da fara'a, irin wadda na daɗe ban gani ba, don Baba in ya so mutum ba ya so da rabi.

"Na zalunce ka a zuciyata, ɗana, ka yafe min. Kuma wallahi tunda nake ba a taɓa yi min aski irin wannan ba. Daga yau na bar wancan mai askin nawa. Kowace Asabar da safe, kai za ka riƙa zuwa kana yi min. In abokaina sun zo, su ma ka yi musu, su ga surukin da na samu."

Sai a lokacin Dogo ya ɗago ya kalle ni. Kallo ɗaya, gajere. Na ga ya gane, ya ga na gane. Na jira ya ce wani abu, ko uzuri ne, ko ƙarya ce.

"To, Baba," ya ce. "In sha Allah."

Na zame daga jikin Umma. Na tako har gaban kujerar na durƙusa inda na saba durƙusawa. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba, ban ji ina yin wata bajinta ba. Muryata ta fito kamar ina gaya wa mai ɗinki ranar da zai dawo ya karɓi kayansa.

"Baba, ya sha. Da safen nan ya sha, shi ya sa hannun ya tsaya. Ka sa ya tofar da alewar ka matso kusa."

"Tela," in ji Dogo, can ƙasa.

Baba ya dube ni. Ya dubi hannun da yake riƙe da shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan a hankali ya buɗe yatsunsa ya sake shi.

Hannun ya tsaya a iska inda aka bar shi, ko rawa bai yi ba.

Na miƙe na ɗauki kwanon, gashin Baba na yawo a saman kumfa, na kai bakin rariya na zubar. Na ɗauraye shi, na kife.